Muryar Gimbiya Tsiwa

Litinin, 1:20 na rana

Nas mai tabarau ce ta ce in sayi littafi in riƙa rubuta duk kalmar da Yaya ta furta, da rana da lokaci, don malamar da ke koya mata magana ta gani. Na saya. Yau kwana tara ke nan, shafin farko fari fat. To, na bar mata shi. Ni zan fara daga na biyu, kada littafi ya yi zaman banza.

Tana asibiti tun da ɓarin jikinta ya shanye, gado na huɗu, jikin taga. Idonta biyu, tana gane mutane, hannun hagu yana aiki. Bakin ne ya ƙi. Yaya fa! Matar da marigayi Baba yake cewa ko a mafarki ba ta bari wani ya kai ƙarshen zancensa.

Na ce mata sannu, ta kalli silin. Na ɓare mata lemo, ta kalli silin. Ni dai ban san abin da aka rubuta a silin ɗin nan ba.

Talata, 6:40 na yamma

Mijin Yaya ya tare ni a baranda. Malam Tsari muke ce masa a bayan ido, don ko cokali zai ajiye sai ya daidaita shi da bakin tebur.

Ya ce, "Ƙanwata, gara ki ji daga bakina. Gadon nan na waɗanda ake ganin ci gaba a jikinsu ne. Nan da kwana goma sha bakwai, ranar Juma'a, malama za ta yi dubawar ƙarshe. In ba a samu ko kalma ɗaya ba, sallamarta za su yi."

Na ce, "Sai kuma me?"

"Sai in kai ta wajen mahaifiyata. Ni ina aiki, yara suna makaranta."

Tafiyar awa shida ce a mota. Kuma can babu mai koya wa kowa magana, sai dai a zaunar da ita a inuwa ana yi mata sannu har ta manta tana da harshe.

Na ce, "Ni fa? Ba ga ni ba?"

Ya dube ni ya ce, "Ke? Wata takwas fa..." Sai ya gyara maɓallin hannun rigarsa. Da ya ƙarasa ma da ya fi min sauƙi. Wata takwas na yi ba na yi wa Yaya magana kafin ta kwanta.

Laraba, 12:05 na rana

Aikina amsa waya ne a kamfani. Mu arba'in a ɗaki ɗaya, kowa da akurkinsa da abin kunnensa. "Barka da rana, da me zan taimaka?" Tun safe na faɗe ta sau sittin da ɗaya. Shugabar sashenmu, Madam Agogo, ta zo ta dafa kujerata, ta ce wa sababbin ma'aikata, "Ku yi koyi da wannan. Ba ta taɓa barin waya ta yi ƙara sau biyu ba."

Na shiga banɗaki na daɗe.

Alhamis, 5:30 na yamma

Na tarar da malamar magana tana nuna wa Yaya hotuna. Kofi. Kujera. Kaza. Yaya tana yi mata irin kallon da take yi wa tela in ya ɓata mata ɗinki.

Malamar ta ja ni gefe ta ce, "Hotunan nan ba su dame ta ba. Ku kawo mata abin da bakinta ya saba da shi tun tana yarinya. Da tsohuwar zuma ake magani."

Kafin ta rufe baki na san zumar. Gimbiya Tsiwa.

Baba mai gyaran rediyo da talabijin ne. Namu na gida wani ne ya kawo gyara bai dawo ba. Hoto tar, amma ko tari ba ya yi. Shekara shida Baba yana cewa, "Gobe zan duba shi." A gidanmu gani ya kori ji da gaske.

Kowace Alhamis ƙarfe huɗu da rabi ake nuna wasan. Na wata ƙasa ne, rubutun sunansa ma ba wanda ya iya karantawa, mu muka raɗa wa gimbiyar suna. Ina da shekara bakwai, Yaya sha ɗaya. Aikina riƙe eriya. Sai in hau akwatin kayan aikin Baba in miƙa hannu ta taga. Na sauke ko kaɗan, hoto ya wargaje, Yaya ta daka min tsawa, "Mai Eriya, ɗaga!" Shi ya sa duk rayuwata a karkace na san gimbiyar nan.

Yaya kuwa tana zaune a gaba tana ba su murya. Ta ce min wai leɓensu take karantawa. Ita ce gimbiya, ita ce waziri mai sanƙo, ita ce yarima mai siririn gashin baki, har dokin ma in ya kaɗa kai sai ya yi magana.

Akwai wurin da ba na mantawa. Gimbiya tana kan wata gada riƙe da fitila. Yarima ya zo ya durƙusa a gabanta da fure. Ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce, "Matsa can! Gadar ubanka ce?" Na yi dariya har na saki eriya, na sha duka. Daga ranar, duk wanda ya tare wa wani hanya a gidanmu abin da zai ji ke nan, har Baba in ya shimfiɗa ƙafa a bakin ƙofa.

Na ga gimbiyoyi da yawa bayanta, na zane da na mutane, masu rawa, masu kuka, masu dogon gashi suna leƙe ta taga. Na so su, na manna hotunansu a bangon littafin lissafina. Amma babu kamar Tsiwa. Shekarata talatin da huɗu, ba na jin kunyar cewa ina kewarta. Ranar da na je neman aikin nan ma, tafiyarta na ara na shiga ofis.

Zan nemo ta. Saura kwana goma sha biyar.

Asabar, 3:15 na yamma

Na je wajen mai tura finafinai a bakin kasuwa.

"Sunan fim ɗin fa, Anti?"

"Ban sani ba."

"Na wace ƙasa ne?"

"Ban sani ba."

"To wa ya fito a ciki?"

"Gimbiya."

Ya juyo min da kwamfutarsa. Gimbiyoyi sun fi ɗari biyu, kowace da kambi da baki a buɗe. Na ce tawa tana da fitila da gada da tsiwa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce irin wannan sai Baba mai kaset a bayan tashar mota, in yana nan da ransa. Na so in ce masa gadar ubanka ce, sai na ga babu gada a wurin.

Litinin, 7:05 na safe

Ban goge kiran nan daga wayata ba har yanzu. Bakwai ne. Na ƙarshen ƙarfe tara da minti goma sha biyu na safe.

Litinin, 6:50 na yamma

Baba mai kaset yana nan da ransa, kunnen ne ya riga shi tafiya. Shagon kamar rami, kaset da faifai har silin, ga warin tsohuwar takarda. Sai da na yi ihu sau uku kafin ya gane ba batir nake nema ba.

Da ya gane, sai ya rufe ido ya ce, "Gadar katako ko ta dutse?"

Gabana ya faɗi. Na ce ta katako.

"Waziri mai sanƙo? Doki fari mai baƙin goshi?"

Na kusa rungume tsohon nan. Ya ce, "Yana nan, 'yata. Sai dai ban san inda yake ba. Dawo Alhamis."

Talata, 1:40 na rana

Na gaya wa Yaya zan kawo mata baƙuwa. Silin.

Nas mai tabarau ta ce in riƙa yi mata hira kamar yadda muka saba. Wace hira? Mu ba mu saba hira ba. Ita take magana, ni ina cewa to.

Alhamis, 5:10 na yamma

A kulle. Maƙwabcinsa mai facin taya ya ce ya je duba jikarsa. Ni kuma na karɓi izinin awa biyu a wajen Madam Agogo, wadda ta ba ni shi kamar ana cire mata haƙori. Saura kwana takwas, ni ina tsaye gaban kwaɗo ina yi masa tsaki.

Asabar, 11:30 na safe

Ya ba ni faifai yana murmushi. Na kai wa mai tura finafinai ya saka. Wata gimbiya ce daban, mai takobi, tana tsalle daga bishiya zuwa bishiya kamar biri. Babu gada, babu fitila. Na koma na ajiye masa a gabansa. Ya ɗaga shi a haske ya ce, "Af! Wannan ƙanwarta ce." Ban san wasa yake ko tsufa ba ne, ban kuma tambaya ba.

Lahadi, 4:20 na yamma

Yaran Yaya sun zo. Babbar ta tsefe mata kai, ta kitsa mata guda biyu. Malam Tsari ya fara kwashe kaya daga durowar gefen gado, wai don kada su taru ranar Juma'a. Na ce ai Juma'ar ba ta zo ba. Ya ce, "Gara a shirya." Ya naɗe tawul gida huɗu daidai wa daida. Na ji kamar in warware shi in jefar ta taga.

Ba mugu ba ne. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Shi ne ya dawo gida ranar nan ya same ta a ƙasan kicin, waya a hannunta. Bai taɓa gaya min lambar da ya gani a kai ba. Ni ma ban taɓa tambaya ba.

Litinin, 8:00 na safe

Magana zarar bunu ce. An faɗa min tun ina yarinya, kuma Yaya ce ta faɗa min.

Ai ba wani babban abu ba ne ya haɗa mu. Ana zaune ne a gidan Kawu, aka tambaye ni wani abu da ya shafi rayuwata, ni kaɗai. Kafin in buɗe baki Yaya ta amsa. "Ita ba ta so," in ji ta, "ita abin da take nufi shi ne..." Kamar kullum. A makaranta haka, a gaban likita haka, har ranar da aka zo neman aurena haka. Sai na miƙe a gaban kowa na faɗi abin da na faɗa.

Ba zan rubuta shi ba. Saura kwana huɗu.

Talata, 7:45 na yamma

An samu. Baba mai kaset ya tono shi a ƙasan wani kwali, mai tura finafinai ya juye min a waya. Ya ce, "Kin yi sa'a, Anti, wannan har an ɗora masa murya da harshenmu."

Na dawo gida, ko takalmi ban cire ba na kunna. Ga gada. Ga fitila. Ga ta nan, kai tsaye a gabana karon farko, ba a karkace ba. Sai da na goge ido.

Sai ta buɗe baki.

Wayyo ni. Wata 'yar siririyar murya kamar an taka jelar kyanwa. "Ya shugabana, in babu kai ni ba komai ba ce." "Ya shugabana, ka yi da ni yadda ka so." Na ce wataƙila a farko ne, za ta waye. Na tsallaka zuwa wurin gada. Yarima ya durƙusa da furensa. Ta dube shi daga sama har ƙasa, irin kallon nan da na shekara ashirin da bakwai ina kwaikwayo a madubi, ta ce, "Tashi, ranka ya daɗe, ni ce ya kamata in durƙusa."

Ni ce ya kamata in durƙusa!

Waziri mai sanƙo ma ashe ba mugu ba ne, likitan fada ne. Dokin kuwa doki ne kawai.

Na san dai Yaya tana ƙara gishiri, ni ba sakarya ba ce. Amma na ɗauka miyar tasu ce. Ashe babu miya, babu tukunya. Wata yarinya ce 'yar shekara sha ɗaya a zaune a kan siminti, ta ga ƙanwarta matsoraciya ce, ko inuwarta tana ba ta tsoro, ta ƙera mata gimbiya daga bakinta.

Kwana goma sha biyu ina yawo a rana ina neman wannan shashashar. Haushi nake ji, kuma ban san wa zan ji wa ba.

Laraba, 5:40 na yamma

Na kai mata duk da haka, tunda ba ni da wani abin. Na jingina wayar da kofi na kunna. Da ta ga gadar, idonta ya sauko daga silin. Wallahi ya sauko, na gani. Sai gimbiya ta ce, "Ya shugabana."

Yaya ta miƙa hannun hagu ta kife wayar. Ta juya fuska bango.

Malamar ta ce kada in karaya. Malam Tsari ya ce ya riga ya yi magana da direba, Asabar da sassafe.

Alhamis, 4:30 na yamma

Yanzu ne lokacin da ake farawa.

Juma'a, 6:25 na yamma

Bari in rubuta tun abin yana sabo.

Ban je aiki ba, ban kuma nemi izini ba. Madam Agogo ta kira sau biyu, na bar wayar ta yi ta ƙara. Malamar ta ce ƙarfe biyar za ta zo. Jakunkuna biyu suna ƙarƙashin gado a zuge. Malam Tsari yana baranda yana duba agogo.

Huɗu da rabi na sake kunna wasan, don taurin kai kawai. Ko minti ɗaya bai yi ba nas mai tabarau ta leƙo ta ce, "Baiwar Allah, ta gado na uku yanzu ta samu barci. Ko ki kashe ko ki cire muryar."

Na cire muryar. Kofin da nake jingina wayar ma an riga an saka shi a jaka, sai na riƙe ta da hannu a gaban Yaya.

Shiru. Gimbiya tana motsa baki, waziri yana motsa baki. Ban san lokacin da na fara ba. Na shaƙe murya na yi waziri: "Ranki ya daɗe, an sace min gashin kai." Ban iya ba, na sani. Ni sittin da ɗaya na iya, barka da rana da me zan taimaka. Na yi dokin ma, ya fito kamar akuya. Amma da na saci kallo, Yaya ba bango take kallo ba.

Aka zo gada. Yarima ya durƙusa. Gimbiya ta dube shi daga sama har ƙasa. Na san abin da ake faɗa a nan, ko a barci aka tashe ni na sani. Na buɗe baki, sai wani abu daban ya fito.

Na ce da muryar gimbiya, "Ka yi haƙuri. Na ga kiranka duka bakwai ɗin, ina kallo na ƙi ɗauka. Da na ce na gaji da jin muryarka..."

Aka buga katifa. Hannun hagu ne. Ta sake bugawa. Fuskarta ta haɗe, irin haɗewar da take yi in na saki eriya. Gefen bakinta yana ta kokawa, jijiyar wuyanta ta miƙe. Nas ta taho da sauri, na ɗaga mata hannu ta tsaya.

"Mmm... ma..."

Na kasa kunne.

"Matsa." Ta huta, ta haɗiye yawu. "Can."

Muryar a dishe, a karkace, rabi ta maƙale a hanya. Amma ita ce. Muryar Tsiwa ce, wadda babu ita a faifan kowa.

Na ƙarasa mata, ina kuka kamar wata gimbiyar banza, "Gadar ubanka ce?"

Ta lumshe ido sau ɗaya, wato yanzu na faɗa daidai.

Nas mai tabarau ta duba agogon hannunta ta ce, "Huɗu da minti hamsin da biyu. Rubuta, ni shaida ce." Na buɗe shafin farko na rubuta. Kalma biyu ne, sun zauna a saman farar takarda su kaɗai.

Malamar ta zo ta karanta, ta sa aka maimaita wurin gadar. Na sake ɓata shi da gangan, na sa gimbiya ta ce sannu da zuwa. Yaya ta sake gyara min, wannan karon har da harara. Malamar ta ce gadon yana nan, za a ci gaba, kuma kullum huɗu da rabi in zo da wayata. Malam Tsari ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe, sannan ya durƙusa ya zuge jaka ya fiddo tawul. Bai ma kula ya warware ba.

Da suka fita na matsa kusa da ita na ce, da muryata ta kaina, "Yaya, ƙarya na yi. Ban gaji ba."

Ban sani ba ko ta yafe, ko sai bakin ya dawo sosai zan ji sauran. In ma zagi ne, ina jira. Ta dai kalli wayar da ta zame min zuwa kan cinya, ta kalle ni, ta ɗaga yatsa ɗaya sama.

Na ɗaga. Saura kashi goma sha tara a wasan. Hannuna ya sage tun a na biyu, ban sauke ba.